Hotunan da ke cikin adaka: ta yaya za a mayar da su na kwamfuta ba tare da an ɓata su ba?

Maman Khalifa, Kano

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani a kan wani aiki da 'yan'uwana suka ɗora mini. Mahaifiyarmu tana da adaka guda cike da tsofaffin hotunan gidanmu, wasu a cikin albam, wasu a ambulan, wasu kuma a zube tsakanin zannuwa. Mafi tsufa a cikinsu baƙi-da-fari ne, na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, lokacin yana makarantar horon malamai, sai na bukukuwan aure da suna da na tafiya aikin Hajji, har zuwa masu kala na shekarun 1990. Da yawa daga cikin masu kalar sun koma ja-ja, wasu sun manne da juna, gara kuma ta ci gefen wani albam ɗin. Mun yanke shawarar a mayar da su na kwamfuta domin kowa ya samu, tunda yanzu mun warwatsu, wasu a Abuja, wasu a Legas, ɗaya kuma a ƙasar waje. Shin ɗauka da waya ta wadatar, ko sai an nemi sikana? Idan an gama kuma, a ina ya kamata a ajiye su, me kuma za a yi da na takardar?

Baban Nana, Abuja

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Mama lafiya. Idan da hali sikana ta fi, kuma irin wadda ake ɗaga murfinta a kwantar da hoto a kan gilashi, ba wadda take jan takarda da kanta ba, domin mai jan takarda tana iya karce tsohon hoto ko ta yaga wanda gefensa ya riga ya yi rauni.

Abin da za ki fara dubawa shi ne adadin ɗigon da na'urar za ta ɗauka a kowane inci, wanda ake rubutawa dpi a cikin manhajarta. Ɗigo 300 ya isa idan buƙatar ita ce a sake wanke hoton daidai girmansa na asali, amma ni 600 nake ba da shawara ga hoton kati na yau da kullum, saboda wata rana wani zai so ya faɗaɗa fuskar mutum ɗaya daga cikin hoton taron mutum ashirin, kuma a lokacin ne zai gane bambancin. Ƙananan hotuna irin na fasfo a kai su 1200, tunda faɗinsu bai kai inci biyu ba. Wajen ajiyewa, na'urar za ta ba ki zaɓi tsakanin nau'o'in fayil biyu, TIFF da JPEG. TIFF ba ya zubar da komai daga abin da aka ɗauka, JPEG kuwa yana matse hoto ne ta hanyar zubar da wasu bayanai, kuma duk lokacin da aka gyara shi aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubarwa. Hoto mai inci 4 da 6 a kan ɗigo 600 yana kai wajen megabait 26 a TIFF, alhali a JPEG mai inganci kaɗan daga cikin wannan zai ci. Shawarata ita ce muhimman hotuna, waɗanda babu wani kwafinsu a duniya, a yi musu TIFF a ajiye a matsayin uwa, sannan a fitar da JPEG daga cikinta domin rabawa. A kashe duk wani gyaran kala da na'urar take yi da kanta, a goge gilashin da tsumma mai laushi lokaci-lokaci.

Idan shagon kwamfuta za ki kai, ki zauna a yi aikin a gabanki, ki faɗa musu adadin ɗigon da kike so, kada kuma ki yarda a haɗa miki hotunan a cikin PDF ko a turo miki su ta WhatsApp kamar hoto, domin yana matse su. A zuba miki a filash.

Ɗan Damagaram

Malam Baban Nana, bayaninka ya yi, amma akwai da yawanmu da ba mu da sikana, kuma wuta ma ba kullum take samuwa ba. Ni da waya na ɗauki na gidanmu a nan Zinder, kuma sun yi kyau gwargwado. Abin da na lura da shi shi ne haske ya fi wayar muhimmanci. Na shimfiɗa hoton a inuwa da hantsi, inda hasken rana yake wadatacce amma bai faɗo kai tsaye a kansa ba, na kashe fitilar kyamara, na ɗora wayar a bakin tebur tana kallon ƙasa daidai, ba a karkace ba. Akwai kuma manhajar PhotoScan da Google ya fitar a 2016, wadda take ɗaukar hoto ɗaya daga kusurwa daban-daban ta haɗa su domin ta cire ƙyallin takarda. Ban ce waya ta kai sikana ba, amma bai kamata rashin na'ura ya sa mutum ya zauna yana jira gara tana aikinta ba.

Baba Mai Hoto, Zariya

Na yi sana'ar hoto tun lokacin da muke wanke baƙi-da-fari da hannunmu a ɗakin duhu, don haka bari in yi magana a kan takardar kanta, tunda yara sun yi ta na'ura.

'Yata, jan da kike gani a masu kala ba datti ba ne, kada ki goge shi da komai. Hoton kala da rini uku ake gina shi a cikin takardar, kuma ba tare suke tsufa ba. Idan mai shuɗi-shuɗin ya riga sauran tashi, sai ja ya rinjaya, zafi da laima kuma suna gaggauta hakan ko da hoton yana cikin duhu. Baƙi-da-fari da azurfa ake yinsa, shi ya sa za ki ga hoton kakanku ya fi na bikinki lafiya. Saboda haka da masu kala za ki fara, su ne suke tafiya.

Waɗanda suka manne da juna, kada a ɓamɓare su da ƙarfi, domin fuskar hoton ce za ta tashi ta bi bayan ɗan'uwansa. Wanda ya manne da gilashin firem ma haka, a ɗauke shi tare da gilashinsa. Albam ɗin nan mai danƙo da ake rufe shafinsa da leda, wanda ya cika gidaje a shekarun 1970 da 1980, shi ne babban maƙiyin hoto, saboda danƙon yana bushewa ya yi rawaya ya ci bayan takarda. Idan hoto ya ɗago da kansa, to madalla. Idan ya ɗan kama, a zura siririn zare mai ƙarfi a bayansa a riƙa ja a hankali. Idan ya ƙi, a bar shi a ɗauki shafin gaba ɗaya. Abin da nake roƙon jama'a su daina shi ne kai tsohon hoto a manne shi da leda a injin zafi kamar katin shaida. Mutane suna ganin kariya ce, alhali zafin da gam ɗin suna cutar da shi, kuma abin da aka manne ba ya warwaruwa. A kama hoto ta gefensa da hannu mai tsabta, a kaɗe ƙura da burushi mai laushi, ruwa ko sabulu ko turare kada su kusance shi.

Akwai kuma wata takarda mai ƙurji-ƙurji da muka yi yayinta, wadda sikana take fito da tsagin jikinta fiye da fuskar mutum. Irin wannan ɗauka da waya a inuwa, yadda ɗan'uwanmu na Damagaram ya bayyana, ta fi yi mata kyau.

Malamin Tarihi, Kaduna

Baba, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Sai dai ina da ja a kan inda muhawarar ta dosa. Duk muna maganar ɗigo da rini, mun tsallake abin da ya fi komai saurin salwanta a cikin wannan aiki, wato sanin waɗanda ke cikin hotunan. Hajiya ta ce mahaifiyarsu tana raye. To, ni a ganina aikin farko ba a gaban sikana yake ba, a ɗakin Mama yake. Takardar da ta shekara hamsin a adaka za ta iya ƙara wata shida, amma babu mai tabbacin wanda ya san sunayen zai kai gobe, kuma ranar da ya tafi, hoton da aka ɗauka a kan ɗigo 1200 ya zama hoton mutanen da ba a sani ba.

Ba a gidajenmu kaɗai wannan yake faruwa ba. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya rasu a 2001, an nuna hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya, amma mafi yawan mutanen da suka zauna a gaban kyamararsa ba a san sunayensu ba, ana kallon adonsu da tufafinsu kawai. Shirin ceto kundaye na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya kwafi dubban hotunan da mai hoto Jacques Toussele na garin Mbouda a Kamaru ya ɗauka, ya adana, kuma aiki ne mai daraja ƙwarai, amma na'ura fuska kawai take iya ɗauka. Mu a nan muna da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, inda za ka ga sarakuna da shugabanni da manyan bukukuwa. Tela da ungozoma da malamin firamare da mai sayar da fura kuwa, hotunansu suna cikin adakokinmu ne, sunayensu kuma suna bakin tsofaffinmu.

Ga yadda nake yi. Kowane hoto a ba shi lamba a bayansa da fensir mai laushi, a gefe, ba tare da dannawa ba, biro kuwa kada a yi amfani da shi domin tawadarsa tana ratsawa. A sami littafi a rubuta lambar, sannan su wane ne daga hagu zuwa dama, a ina, a wace shekara, da wane dalili aka taru. A kunna na'urar naɗar murya ta waya a ajiye kusa da Mama, a faɗi lambar hoton da baki kafin ta fara bayani, domin tsohuwa idan ta ga fuska sai ta kawo labarin da babu wanda ya yi tunanin tambayarta. A kuma ɗauki bayan hoton kamar yadda aka ɗauki gabansa, saboda hatimin situdiyo da rubutun hannu suna can.

Baban Nana, Abuja

Malam, na yarda da muhimmancin sunaye, amma ban yarda takarda tana da tabbacin wata shida ba. Hajiya ta ce gara ta riga ta shiga, ga damina, ga gobara da ba ta sallama. Kuma akwai wata matsala a aikace: idan aka miƙa wa tsohuwa hotuna ɗaruruwa tana juyawa, jikoki suna karɓa suna kallo, waɗanda suka yi rauni za su ƙara lalacewa kafin a kai ga ɗaukarsu. Ni dai na fi son a fara samun kwafi, kowane iri ne, sannan a zauna tattara bayani.

Maman Fanna, Maiduguri

Ina goyon bayan Baban Nana a wannan gaɓar, kuma daga abin da idona ya gani nake magana. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga unguwarmu cikin dare, da rayukanmu kawai muka fita. Da muka dawo, akwatin hotunanmu ya kwana da kwanaki a cikin laka, albam ɗin sun kumbura, fuskokin sun narke sun bi ledar. Abin da ya rage mana na mahaifiyata shi ne 'yan hotunan da wata ƙanwata ta taɓa ɗauka da waya ta tura wa dangi, a karkace, da ƙyallin fitila a kansu. Yau su ne dukiyarmu, kuma da a ce an tsaya jiran na'ura mai kyau, da ko su ba mu da su.

Bari in ƙara da abin da wani ma'aikacin ɗakin karatu ya koya wa maƙwabtanmu, wanda ya ceci wasu daga cikin nasu. Hoton da ya jiƙe a raba shi da ɗan'uwansa tun yana da danshi, a ɗauraye lakar a ruwa mai tsabta mai sanyi ba tare da an cuɗa ba, a shanya shi a kan zane a inuwa, fuskarsa tana kallon sama. Idan ya bushe a manne, ko fumfuna ta kama shi, da wuya a ceto shi.

Malamin Tarihi, Kaduna

Allah ya mayar muku da alheri, 'yar'uwa, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Maganarki ta sa na ga cewa hanyoyin biyu za su iya tafiya tare. A ɗauki komai da waya cikin gaggawa, gaba da baya, bayan an sa lambobi, sai a zauna da Mama ana nuna mata a fuskar waya ko kwamfuta, inda za a iya faɗaɗa mata fuska idan idonta ya yi rauni, takardun kuma suna ajiye babu mai taɓa su. Aikin sikana mai natsuwa ya biyo baya a hankali.

Inda Mama ta manta shekara, hoton da kansa yakan taimaka. Idan motoci suna bin hannun hagu na titi a Najeriya, to kafin 2 ga Afrilun 1972 ne. Idan mai hoto ya rubuta kuɗin aikinsa da fam da sule, da alama kafin zuwan naira ne a ranar 1 ga Janairun 1973. Kakin masu yi wa ƙasa hidima ba zai riga 1973 ba. Hatimin da ya ambaci Jihar Arewa ta Tsakiya yana tsakanin 1967 da 1976, wanda ya sa Katsina a cikin Jihar Kaduna yana tsakanin 1976 da 1987, wanda kuma ya sa Haɗeja ko Gumel a cikin Jihar Kano, situdiyon ya yi hatimin ne kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. A riƙa rubuta "wajen shekara kaza" idan kintace ne, domin kada na baya su ɗauke shi tabbas.

Autan Mama, Katsina

Iyayena da yayyena, ina da tambaya. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke gyara tsohon hoto ya fito tas, su sa wa baƙi-da-fari kala, wasu ma har su sa fuskar ta yi motsi. Me zai hana Anti ta yi amfani da su, tunda hotunan sun dishe?

Baba Mai Hoto, Zariya

Ɗana, a wannan ina da tsauri. Jikana ya gyara hoton wani yayana da irin wannan manhaja ya kawo mini yana murna, na duba na ga wani mutum daban. Yayana yana da bille a kumatunsa na dama, manhajar ta ɗauke shi a matsayin karce ta share, ta kuma daidaita masa haƙora, ta sa fatarsa ta yi haske. Waɗannan manhajoji ba sa dawo da abin da ya ɓace daga hoto, cikewa suke yi da abin da suka koya daga fuskokin wasu mutane. A ƙasarmu kuwa tsagar fuska shaida ce, bille da kalangu da 'yar baka suna faɗa maka gidan da mutum ya fito ko sana'ar iyayensa, kuma al'adar tana ƙarewa, nan gaba a hoto kaɗai za a gan ta. Kala ma haka, na'ura ba ta san rigar kore ce ko shuɗiya ba, kintata take yi.

Gyaran da na yarda da shi shi ne na dawo da kalar da ta rinjayi ja, da cire ɗigon ƙura, shi ma a kan kwafi za a yi, uwar tana nan yadda aka ɗauke ta. Wanda ya ga dole sai ya yi na manhajar domin sha'awa, ya rubuta a jikin sunan fayil ɗin cewa gyararre ne. Na sa fuskar mamaci ta yi motsi kuwa, zuciyata ba ta kwanta da shi ba sam.

Malamin Islamiyya, Gusau

Ina so in tunatar da wani ɓangare da ba a taɓo ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton kyamara, kuma ba wurin fatawa ba ne nan, kowa ya koma ga malamin da ya aminta da shi. Amma batun sutura babu mai saɓani a kansa. A cikin irin wannan adaka akwai hotunan iyayenmu mata na lokacin 'yanmatanci, ko waɗanda aka ɗauka a cikin gida babu mayafi, akwai na matan da aka rabu da su suka yi wani auren, akwai na mutanen da suka rasu ba za su iya cewa a'a ba. Muddin suna adaka, wanda Mama ta ga dama take nuna wa. Da zarar sun shiga zauren dangi na WhatsApp, sun fita daga hannunta, gobe sai a gan su a Facebook wani yaro ya saka yana yabon kakarsa da kyakkyawar niyya. Don haka ina ganin a tambayi duk wadda take raye kafin a raba hotonta, wanda kuma aka san mai shi da ba za ta so a gani ba, a bar shi.

Hajiya Babba, Kaduna

Malam ya yi gaskiya a kan tambaya, ni kaina ina da hotunan da ba zan so su yi yawo ba. Amma ina roƙon kada "a bar shi" ya zama a ƙi ɗauka, balle a ƙone. Na san gidan da 'ya'ya maza suka tsince duk hotunan mahaifiyarsu na ƙuruciya suka ƙone bayan rasuwarta, 'ya'yanta mata har yau suna baƙin cikin abin, domin ba su da abin da za su nuna wa 'ya'yansu. Kitsonmu da ɗaurin kallabinmu da atamfofin da muka yi yayi su ma tarihi ne. A ɗauke su, a ware su a wata folda daban da mata muharramai za su riƙe, a raba sauran ga kowa.

Maman Khalifa, Kano

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Folda biyun da Hajiya Babba ta faɗa ita za mu yi, kuma Mama ce za ta zaɓi abin da zai shiga kowace. Saura tambayata ta ajiya. Ƙanena yana cewa a zuba komai a Google kawai a huta, a kuma rage tarkacen takardun. Na kuma tarar da wata ambulan mai ɗauke da fim ɗin hotuna, waɗannan baƙaƙen ledojin da ake ɗagawa a haske, ban san ko suna da amfani ba.

Baban Nana, Abuja

Hajiya, wuri ɗaya ba ajiya ba ne, ko da wane kamfani ne. Tun 1 ga Yunin 2021 Google ya daina ba da wurin ajiyar hotuna kyauta marar iyaka, abin da ake samu kyauta gigabait 15 ne, kuma da shi saƙonnin Gmail suke rabawa. Hoto dubu a TIFF mai megabait 26 ya kai gigabait 26, kin ga ya wuce. Ga kuma mantuwar kalmar sirri, ko layin wayar da aka buɗe asusun da shi ya ɓace. Ɗakin Karatu na Birtaniya da Malam ya ambata ma, masu kutse sun kai masa hari a watan Oktoban 2023, ayyukansa na intanet suka tsaya na tsawon watanni.

Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban da gidan. A wurinku, uwayen su zauna a kwamfuta da kuma faifan ajiya na waje, wani faifan ya tafi wurin ɗan'uwanku na Legas ko Abuja, JPEG ɗin kuma su hau intanet domin kowa ya gani. Kada a dogara da memori ko filash a matsayin ajiya ta dindindin, suna lalacewa ba tare da alama ba, ga jabu sun cika kasuwa, faifan CD da aka naɗa a gida ma yana lalacewa da shekaru. Kowace shekara a buɗe a duba, bayan 'yan shekaru kuma a kwashe zuwa sabon faifai. Sunan kowane fayil ya fara da lambar da ke bayan hoton, sai shekara da gari da dalilin taron, domin kwamfuta ranar da aka yi sikanin take rubutawa, ba ranar da aka ɗauki hoton ba. Littafin sunayen da muryar Mama su ma a kwafe su a sa su a cikin foldar.

Takardun kuwa kada a zubar. Ba sa buƙatar wuta ko kalmar sirri, kuma idan na'ura mafi kyau ta fito, daga gare su za a sake ɗauka. A kuma yi shawara tun Mama tana raye a kan wanda zai riƙe su, domin kada su watse a rabon kaya.

Baba Mai Hoto, Zariya

Ambulan ɗin nan, 'yata, ki riƙe ta da kyau, domin fim shi ne asalin hoto, takarda kwafinsa ce. Sau da yawa yana ɗauke da bayanin da takardar ba ta nuna ba, kuma za ki iya tarar da hotunan da ba a taɓa wankewa ba, tunda a da mutum yakan zaɓi kaɗan ne ya biya kuɗinsu. Sikana ta takarda ba za ta iya da shi ba, sai wadda take da fitila a murfinta tana haska shi ta baya, kuma saboda ƙanƙantarsa ɗigo 2400 ko sama da haka ake sa masa. Ki kama shi ta gefe kawai, kada ki yanka shi ɗai-ɗai. Ki shinshina ambulan ɗin, idan kika ji wari mai tsami, ledar ta fara ruɓewa ke nan, sai ki ware waɗannan daga sauran ki fara kai su a ɗauka.

Hotunan takardar kuma, bayan an gama, a jera su a akwatin kwali mai tsabta da farar takarda a tsakaninsu, ba tare da roba ko ƙarfen maƙala takarda ba. Kada akwatin ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango saboda gara da laimar damina, kada kuma a ɗora shi kusa da rufin kwano saboda zafin bazara. Tsakiyar sif a ɗakin da ake kwana ya fi, kuma albam ɗin da gara ta ci a fitar da shi daga adakar tun yau, a duba ƙasan adakar da bangon da take jingine.